Katuna Uku a Cikin Saba Ɗaya

A gidanmu ba a raba komai sai bi da bi. Nama bi da bi, wanke-wanke bi da bi, kujerar da ke kusa da fanka ma bi da bi. Na tabbata da zazzaɓi zai yi sallama kafin ya shigo, da Baba ya ce masa ya fara da babba ya gangaro, kada a cuci kowa. Daga Jazira, yankin noman auduga na Sudan, aka zo da wannan tsari. Kakanmu, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana tsinkar auduga a gonakin mutane, shi ya saba wa 'ya'yansa biyu da shi: wannan kunya ta wa, ta gaba ta ƙane, har rana ta faɗi. An bar auduga, an tare a unguwar Umbadda a Umdurman, amma tsarin ya biyo mu har cikin shago.

Shagon na Baba ne da ƙanensa, wato Baffa. Yana bakin titin da motocin kasuwar Suk al-Shabi ke sauke mutane. Daga gaba akwai tebur biyu na buga takardu, ɗaya na Baba, ɗaya na Baffa. Daga ciki kwamfutoci ne a jere na masu shiga intanet, da labule mai kauri da ya raba gefen mata, kamar yadda hukuma ta ce a yi. Can ƙurya kuma, a ɗan ɗakin da ba ya ɗaukar mutum biyu sai in ɗaya ya riƙe numfashi, nan saba take. Saba babbar kwamfuta ce da ke ajiye aikin kowa. Sauran kwamfutocin tsofaffi ne, cikinsu bai fi na ƙadangare ba, don haka duk abin da mutum ya buga ko ya ɗauki hotonsa, wurinta ake kaiwa, daga wurinta ake ɗaukowa.

Masu kawo bugu ma bi da bi ake karɓarsu. Na farko na Baba, na biyu na Baffa, na uku na Baba. Da can wannan bai dami kowa ba, domin Baba ya yi shekaru yana buga takardun ƙara a ƙofar kotu da tafireta, kuma an ce yatsunsa ba sa ganuwa in yana aiki. Sai ciwon suga ya taɓa masa idanu. Yanzu sai ya kai hancinsa jikin allo yake gane harafi, kuma kafin ya gama shafi ɗaya gemun mai jira ya ƙara tsawo. Na taɓa ganin wani ya kawo takardar neman aure, kafin a gama buga ta yarinyar ta haihu biyu a gidan wani. To, wannan ƙari na yi, amma kaɗan.

Mutane suka koyi ƙirga layi. Wanda ya ga zai faɗa hannun Baba sai igiyar takalminsa ta kwance, ko ya tuna bai sha shayi ba, ko ya ce wa na bayansa, “Bismillah, kai ne babba.” Ban taɓa ganin ladabi ya yawaita a Umdurman kamar a ƙofar shagonmu ba. Baba bai gani, ko kuma yana yi kamar bai gani ba.

Wata rana da rana ina tuƙa asida, tuwonmu na nan, a kicin na ji Baffa yana magana da Umma a tsakar gida, murya ƙasa-ƙasa.

“In an wuce lokacin kundin ɗalibai, sai mu lallaɓa Yaya ya zauna a gida,” in ji shi. “Rabonsa ba zai ragu ba. Amma mutane suna gudu, wallahi suna tsallaka titi.”

“Kai za ka faɗa masa?” in ji Umma.

“Ni? Ke ce matarsa.”

“Kai ne ƙanensa. Ni aro ce a gidan nan.”

Asidar ta kama a ranar. Baba a gida! Mutumin da ko ranar Juma'a sai ya bi ta ƙofar shago ya taɓa kwaɗo ya tabbatar yana nan. Na san in aka zaunar da shi a kan angareb, gadon igiyar nan na tsakar gida, yana kallon kaji, ba zai daɗe ba zai koma kamar kayan ɗaki. Kuma na san Baffa ba mugu ba ne. Gaskiya ya faɗa.

Yadda saba ta zama tawa kuwa, ba zaɓena aka yi ba. Yayana ne mai kula da ita, ni kuma tun ina firamare nake maƙale da shi a ɗakin nan, ina riƙe masa sukudireba ina damunsa da tambaya. Wata safiya ya hau mota zai je Bahri sayen tawada, sojoji suka tare motar kusa da gada, suka sauke duk saurayin da ba shi da takardar gama hidimar soja ta dole. Sai bayan kwanaki muka ji sansanin da aka kai shi. Umma ta yi kuka har ta gaji, sannan aka waiga aka ga duk gidan ni kaɗai na san kalmar sirrin saba. Ina da shekara goma sha shida, ba a yarda na je kasuwa ni kaɗai, amma ga dukiyar gida a tafin hannuna. Na ɗan yi mulki, ba na musu. Har wanke-wanke na ce ya fita daga layina saboda ruwa yana lalata hannun injiniya.

Lokacin rubuta kundin kammala karatu shi ne kakarmu. Ɗaliban Najeriya da Nijar da ke karatu a jami'o'in Musulunci na Hartum sukan tsallako gada su zo wurinmu, domin a nan za su yi ciniki da Hausa, kuma Baba ba ya barin baƙo ya fita bai sha shayi ba. Suna zuwa da littattafan Larabci masu nauyin bulo, su ɗauki hoton shafi bayan shafi, su tura wa saba. A shekarar nan sai saba ta fara shaƙewa. Mutum zai danna fayil ɗinsa, ya je ya yi alwala, ya yi azahar, ya dawo, fayil yana hanya.

Akwai wani ɗan Damagaram, dogo kamar falwaya, mai kundi a kan rabon gado. Shi ya sa mini suna Injiniya.

“Injiniya,” in ji shi daga bayan labule, “fayil ɗina a ƙafa yake tahowa daga ƙuryar nan, ko ya tsaya gaisuwa a hanya?”

“Ya tsaya ta'aziyya ne, Malam. Ka yi haƙuri.”

“Wa ya rasu?”

“Haƙurin wanda ya riga ka.”

Na san inda cutar take, domin yayana ya sha nuna mini. Duk wayoyin kwamfutocin shago suna haɗuwa a wani akwati mai fitilu, daga akwatin waya ɗaya tak ke shiga saba, ta cikin wani ɗan allo kore da ake kira katin sadarwa. Duk kayan da ke shiga da fita ta wannan ƙofa ɗaya suke bi. Kuma katin namu tsoho ne. Baba ya saye shi da hannunsa a shekarar da aka buɗe shago, ya zo da shi naɗe a hankici kamar turare.

Na faɗa wa Baffa. Ya sha wahala kafin ya samo, domin da takunkumin da aka sa wa ƙasar kayan kwamfuta sai an bi ta hannun wanda ya san wanda ya dawo daga Dubai. A ƙarshe ya zo da sababbi biyu daga wani shago a Bahri. Niyyata mai sauƙi ce: in cire tsohon, in sa sababbin, in haɗa su su zama kamar ƙofa ɗaya mai faɗi, kaya su rabu a tsakaninsu. Na karanta yadda ake yi a wani dandalin intanet na Larabawa, inda kowa yake kiran kowa ɗan'uwa mai daraja kafin ya ce masa jahili.

Ranar Juma'a bayan an sauko, shago a rufe, na buɗe cikin saba. Baba da Baffa suka tsaya a bakin ƙofa kamar masu jiran ungozoma. Na kai hannu zan zare tsohon katin.

“Uwata,” in ji Baba. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. “Me za ki yi masa?”

“Cire shi zan yi, Baba.”

“Ya mutu ne?”

“Bai mutu ba.”

“Ya taɓa ƙin aiki?”

“Bai taɓa ba. Amma…”

“Babu wurin da za a sa sababbin sai an cire shi?”

Akwai wuri. Saba tana da ramuka har na banza. Na kalli Baffa, Baffa ya kalli silin kamar an rubuta masa wani abu a can.

“To a bar shi,” in ji Baba. “Hannu da yawa ai ba ya ɓata aiki.”

Na bar shi, na cusa sababbin a gefensa, na ja wayoyi uku zuwa akwatin. Sannan na zauna gaban baƙin allo mai farin rubutu. A nan ake gaya wa saba yadda za ta raba kaya tsakanin katunan, kuma hanyoyin suna da yawa. Don in nuna musu na san abin da nake yi, sai na fara karanto su da ƙarfi ina fassarawa.

“Ta farko, bi da bi. Wannan ya ɗauka, na gaba ya ɗauka, na gaba ya ɗauka, a sake zagayowa.”

“Kalas, shi ke nan,” in ji Baba. “Ita ce.”

“Baba, akwai saura.”

“Me za a nema bayan adalci? Ashe Turawan ma sun san gaskiya. Sa wannan.”

Har Baffa ya yi dariya ya ce ashe injin ɗan gidanmu ne. Ni ma abin ya yi mini daɗi a kunne. Tun da na buɗe ido a duniya ban taɓa ganin an raba abu ta wata hanya ba, to me zai sa in yi zaton akwatin ƙarfe zai fi mu sani? Na rubuta, na kashe, na kunna. Fitilu uku suka kama ƙiftawa a jere, ɗaya bayan ɗaya, gwanin kyau. Na gwada da ƙaramin fayil, ya buɗe. Baba ya sa mini albarka har sai da na ji kunya, kuma ni ba na jin kunya da arha.

Ranar Asabar shago ya cika, saba kuma ta haukace. Da can a hankali take tafiya, amma tana isowa. Yanzu sai fayil ya taho da gudu, ya tsaya cik, ya sake zabura, ya tsaya, wani ma ya ce ya fasa. Firinta ta fitar da rabin shafi ta yi shiru tana tunanin rayuwa. Wata ɗaliba a gefenmu ta ce kwamfutarta tana da aljanu, ta fara tofa mata addu'a. Ɗan Damagaram ya leƙo da kansa kawai ta saman labule, abin da tsawonsa ya ba shi dama.

“Injiniya, an ce kin ƙara wa saba ƙofofi.”

“An ƙara.”

“To ko za a rufe su a mayar mana da ta jiya? Jibi zan miƙa kundi. In ban miƙa ba, sai baɗi, kuma mahaifiyata ta riga ta sayi ragon walima.”

Na shige ƙurya na ja ƙofa. Zafi kamar tanda, gumi yana bin bayana, na koma dandalin 'yan'uwa masu daraja ina karatu. Can na tarar da wani ya yi irin tambayata, wani kuma ya wanke shi tas kafin ya ba shi amsa. Na duba ƙarfin katunan namu. Kowane sabo ya ninka tsohon sau goma.

Abin da ke faruwa ke nan. Saba ba ta aika fayil dunƙule. Yayyanka shi take yi ƙanana, kowane yanki da lambarsa, kwamfutar da ke karɓa ta jera su. Da tsarin bi da bi, yanki ɗaya cikin kowane uku ta hannun tsohon kati yake bi. Kamar ka yayyaga littafi ka ba 'yan aike uku, biyu a raksha, babur ɗin nan mai ƙafa uku, ɗaya a keken jakin mai sayar da ruwa. Masu raksha su iso da shafi na biyu da na uku, da na biyar da na shida, amma ba a iya karatu sai na ɗaya da na huɗu sun zo. Mai jira ya ga shiru, ya ɗauka sun ɓata, ya aika a sake kawowa, hanya ta ƙara cunkushewa. Sababbin katunan ba su da laifi, tsohon ma ba shi da laifi. Iyakar ƙarfinsa yake yi. Kason da aka ɗora masa ne ba nasa ba.

Na daɗe zaune ina kallon fitilun. Gyaran bai fi layi ɗaya ba, kuma zan iya yi ba wanda ya sani. Baba ba ya ganin baƙin allon nan ko da ya sa tabarau biyu. Amma shi ya zaɓi tsarin da bakinsa, a gaban ƙanensa, kuma a gidanmu ba a warware maganar babba a bayan idonsa. In ya tambaye ni gobe ko har yanzu bi da bi ake yi, me zan ce?

Da aka tafi la'asar shago ya ɗan sarara. Baba ya dawo daga masallaci ya zauna a teburinsa, Baffa ya tsaya wurin matar da ke sayar da shayi a ƙofar shago. Na durƙusa kusa da kujerarsa na yi masa bayanin raksha da keken jaki. Ina yi ina sa dariya a ciki, har da kwaikwayon kukan jakin, don abin ya yi sauƙi. Bai yi dariya ba. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

“Wato masu saurin ma jiransa suke yi.”

“Eh, Baba.”

“Duk shagon yana jiran kati ɗaya.”

“Eh.”

Ya juya ya kalli bencin da masu kawo bugu ke zama, wanda ba kowa a kai a lokacin. Ya daɗe yana kallo.

“Uwata, ki faɗa mini gaskiya. Haka nake yi wa layin nan?”

Wallahi ban zo da wannan niyya ba. Ko kuma na zo da ita ban sani ba, har yau ban tantance ba. Bakina da ba ya rufuwa ko a cikin barci, ranar ya rufu. Na kama gefen mayafina ina murzawa.

“Shirunki ya isa,” in ji shi. “Na ga masu ɗaure takalmi. Idona bai mutu duka ba.” Ya mayar da tabarau. “Sauran hanyoyin da na hana ki karantawa, karanto su.”

Na ce akwai wadda kati ɗaya ke aiki, ɗaya ya zauna jiran ranar da na farko zai lalace.

“Ya zauna yana fatan ɗan'uwansa ya mutu? A'a. Wuce.”

Na ce akwai wadda saba ke duba ƙarfin kowane kati da nauyin da ke kansa a lokacin, ta ba kowa daidai abin da zai iya ɗauka. Mai ƙarfi ya ɗauki babba, mara ƙarfi ya ɗauki ƙarami, ba wanda ke jiran wani.

“Tsohon zai samu wani abu?”

“Zai samu. Kaɗan.”

“Kaɗan,” ya maimaita, kamar yana ɗanɗana kalmar. “Mahaifinmu da ya ji wannan, da ya ce zalunci ne. Amma shi bai ga tsufanmu ba. Je ki sa.”

Na je na canza layin, na roƙi mutanen ciki su yi mini haƙurin minti kaɗan, na kashe na kunna. Fayilolin suka fara buɗewa kafin mutum ya ɗauke yatsa. Ɗan Damagaram ya yi kabbara har mai shayi ta leƙo ta ga ko gobara ce. Ya ce zai sa sunana a shafin godiya, tsakanin shehinsa da mahaifiyarsa. Na ce ya sa ni a gaban shehin, shehin bai taɓa buɗe masa fayil ba.

Ni dai murnata ba ta cika ba. Da magariba a gida Baba ya ci abinci, bai ma yi faɗan wanda ya zauna kusa da fanka ba a layinsa ba. Na riƙa tunanin ko na taya Baffa aikin da ya kasa ne, na kai mahaifina angareb da hannuna. Na saba ɗauka cewa raba abu daidai shi ne ƙauna, domin haka na ga ana yi, kuma ba ƙarya ba ne. Da wannan tsarin aka raine mu ba tare da wani ya taɓa cewa an fi son wani ba. Sai ga shi na ga inda daidai ɗin yake zama kaya a wuyan wanda ake son a girmama.

Washegari Lahadi, ranar makaranta ce a nan, amma ban tafi da wuri ba, na ce saba tana bukatar dubawa. Ƙarya ce, lafiyarta ƙalau. Na farko a layi wani ɗalibi ne da babi guda na kundi, rubutun hannu, mai kauri kamar katifa. Bai ƙirga da kyau ba, ya faɗa hannun Baba. Na ga fuskarsa ta faɗi. Baba ya karɓi takardun, ya auna su a tafin hannu, ya miƙa wa ƙanensa.

“Karɓi wannan.”

Baffa bai ɗaga hannu ba. “Yaya, layinka ne.”

“Na sani. Na ba ka.”

“Yaya…”

“Hannuna zai gaji, Auta. Daga yau masu kauri naka ne. Masu shafi ɗaya ka turo mini. Kuma zancen da kuke yi da matata a tsakar gida, ku bar shi. Katangar kicin ba ta kai sama ba, ta ɗakina ma haka.”

Baffa ya karɓa. Ya zauna ya fara bugu, kuma shi da ba ya kuskure sai ga shi yana gogewa yana sakewa, yana jan hanci yana cewa ƙurar titi ce. Na biyu ma nasa, na uku ma nasa. Baba ya zauna da hannuwa a kan cinya, abin da ban taɓa gani ba. Na tsaya a bayan labule ina jin kamar in fito in ce a mayar da komai yadda yake.

Sai wani tsoho ya shigo da 'yar takarda a ninke, yana son a buga masa katin gayyatar ɗaurin auren jikarsa. Baffa ya nuna masa teburin Baba da haɓa. Kafin a buga harafi ɗaya sun gano cewa ƙauyukansu a Jazira magudanar ruwa ɗaya suke sha, sun yi musu a kan wanda ya fi wani iya tsinkar auduga a cikin matattun da ban sani ba, an aika a kawo shayi. Babu kowa a bayan tsohon, babu mai duba agogo. Baba ya ja kujera, ya kai hancinsa jikin allo, ya fara. Can ya tsaya.

“Uwata, kina nan?”

“Ina nan, Baba.”

“Zo ki duba mini. Wannan ɗigo ne a kan harafin, ko ƙuda ne?”

Bai taɓa neman wani ya duba masa aiki ba. Na fito na sunkuya kusa da kafaɗarsa, na hura. Ɗigon ya tashi.

“Ƙuda ne, Baba.”

“To tsaya nan tukuna,” in ji shi. “Suna da yawa yau.”